Rance ta Wayar Hannu: Hanyar Hana Na'ura Nuna wa 'Yan Kasuwar Lafiya Bambanci

LAFIYA — A da, ɗan kasuwar da ke neman jarin sayen riɗi ko doya lokacin kaka, gaban manajan banki yake zuwa tare da mai tsaya masa. A yau kuwa, kamfanoni da dama masu ba da rance ta wayar hannu sun miƙa wannan hukunci ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke duba bayanan mutum su yanke, cikin 'yan mintoci, ko ya cancanci bashi.

Matsalar ita ce, na'ura daga tsofaffin bayanai take koyo. Matar da ta shekara ashirin tana ciniki a Kasuwar Alamis da tsabar kuɗi, tana kuma zubin adashi ba fashi, ba ta da tarihi a banki, don haka manhaja na iya ɗaukarta a matsayin wadda ba za ta biya ba. Bugu da ƙari, ko ba a tambayi ƙabila ko addini ba, suna da unguwa kan tona su. A gari irin Lafiya, inda Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Tibi da Hausawa da Fulani ke zaune tare, adireshi kamar Tudun Gwandara ya isa na'ura ta ware jama'a ba tare da kowa ya umarce ta ba.

An riga an ga irin haka a ƙetare. A 2018 aka bayyana cewa kamfanin Amazon na Amurka ya jingine wata manhajar tace masu neman aiki, saboda tana rage wa mata maki. A ƙasar Holan kuma, gwamnati ta yi murabus a watan Janairun 2021, bayan hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zambar kuɗin renon yara bisa kuskure, inda aka sa asalin ƙasar mutum cikin alamun tuhuma.

A Nijeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi rigakafi. Sashe na 28 ya wajabta wa duk mai sarrafa bayanai ta hanyar da ka iya jefa haƙƙin mutane cikin babban haɗari, ya tantance wannan haɗari kafin ya fara. Zai bayyana abin da zai yi da bayanan, da ko lallai yana bukatarsu, da cutarwar da za ta iya biyowa, da matakan kauce mata. Idan haɗarin ya ci gaba da girma, sai ya tuntuɓi Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa.

A wannan mataki ne ake iya kama son kai tun bai yi ɓarna ba. Kamfani na iya gwada manhajarsa ya kwatanta yawan maza da matan da ta amince wa, ko mazauna cikin gari da manoman Doma da Awe. Idan ratar ba ta da dalili na kasuwanci, sai a gyara.

Har ila yau, sashe na 37 ya ba wanda na'ura kaɗai ta yanke wa hukunci damar neman ɗan Adam ya sake dubawa, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Manyan kamfanonin da suka saɓa dokar na iya fuskantar tara har ta Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Saboda haka, ɗan kasuwar da aka hana wa rance ya nemi dalili a rubuce. Ƙananan bankuna da ƙungiyoyin gama kai masu shirin sayen irin wannan manhaja kuwa, su nemi ganin rahoton tantancewarta kafin su sa hannu a yarjejeniya, domin alhakin bayanan abokan cinikinsu yana wuyansu.