Yadda na fara tara tsofaffin zanen itatuwanmu

Wata Asabar a Parkchester ina kaɗa miyar kuka, sai 'yar maƙwabciyata mai shekara 9 ta ce, "Anti, wai kuka a wace masana'anta ake yin ta?" Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai. Yarinyar nan garin kuka kawai ta sani a leda, ba ta taɓa ganin bishiyar ba.

Tun daga ranar na shiga farautar tsofaffin zane-zanen itatuwanmu. Ashe ma ba nisa: lambun tsirrai na New York yana nan Bronx, kuma laburarensa na cikin waɗanda suka haɗu a 2006 suka kafa Biodiversity Heritage Library, rumbun da ke ɗora tsofaffin littattafan tsirrai da dabbobi a intanet kyauta. A dokar Amurka, littafin da ya haura shekara 95 da bugawa ya zama na kowa. Kana iya saukewa, ka buga, ka raba.

Na samo tsamiya a littafin Köhler na ƙasar Jamus, har da furenta da ƙwallonta a tsage. Ganyen kaɗanya kuwa yana littafin tafiyar Mungo Park na 1799. Ko ɗorawa ma sunansa aka laƙaba mata, Parkia, a 1826. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan: itacen da kakanninmu suka yi daddawa da ƙwayarsa tun fil azal, ga shi da sunan baƙo. Akasarin zanen nan babu sunan Hausa ko ɗaya a jikinsu.

Shi ya sa nake rubuta sunan a ƙarƙashin kowane zane kafin in tura wa iyalan unguwa ta WhatsApp. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai da likita Dalziel ya wallafa a 1916 yana taimaka min, amma alƙaliyata tana Katsina. Na taɓa rubuta "gawo" a kan zanen bagaruwa, sai ga saƙon murya: "Ke 'yar boko, gawon ne ke da fure rawaya dunƙule-dunƙule? Goge!"

Yanzu ba na fitar da zane sai Inna ta gani. Na kukar kuwa yana manne a firjin maƙwabciyata.