Mece Ce Damar Isar da Agaji a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya?

Damar isar da agaji, wadda ake yawan ambata a rahotannin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, tana nufin ma'aikatan jinƙai su iya kai abinci da magani ga mabuƙata, su ma mabuƙatan su iya isa wurin taimakon ba tare da an tare su ba. Batun ya tsananta tun 2013, lokacin da 'yan tawayen Seleka, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka kifar da gwamnatin François Bozizé, sannan mayaƙan Anti-Balaka, waɗanda akasarinsu Kirista ne, suka far wa al'ummomin Musulmi da sunan ramuwar gayya.

Ana samun wannan dama ne ta hanyar tattaunawa da gwamnati da shugabannin mayaƙa, bisa sharaɗin cewa mai agaji ba ya goyon bayan kowane ɓangare, kuma buƙatar mutum kaɗai yake dubawa. Inda hanya ta yi haɗari, dakarun MINUSCA, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 2014, kan raka manyan motoci, ko da yake wasu ƙungiyoyi suna guje wa rakiyar soja don kada a ɗauke su 'yan wani ɓangare.

Ƙasar ba ta da gaɓar teku, saboda haka yawancin kayanta ta hanyar da ta taso daga Duwala mai tashar jiragen ruwa zuwa Bangui, babban birnin ƙasar, suke shigowa, kuma da 'yan tawaye suka toshe hanyar a ƙarshen 2020, abinci ya yi tsada. Waɗanda suka fi jin jiki su ne mata da ƙananan yara da mutanen da rikici ya raba da gidajensu.