Dokin Sallah da Yaron da Ya Wuce Goyo

Wanda ya saba shiga Kasuwar Malam Atta da ke Akra ya san irin wannan uwa: tana ciniki goye da yaron da ya daɗe da wuce shekarun goyo, wuyansa bai tsaya ba. A unguwannin Zango nan kuma, daga Nima zuwa Maamobi, akwai samarin da suka san doki tun suna ƙanana, su ake kallo ranar hawan Sallah. A wasu ƙasashe an daɗe da haɗa irin wannan yaro da doki, kuma abin sai yaɗuwa yake yi.

Lis Hartel, 'yar Denmak da shan inna ya shanye wa ƙafafu, ita ta buɗe idon duniya da ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki na naƙasassu a Ingila da Amurka, Afirka ta Kudu ta biyo baya a 1973. Hikimar tana cikin tafiyar dabbar. Idan doki na takawa sannu, bayansa na kaɗa ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mai tafiya da ƙafa ke motsi. Yaron da raunin ƙwaƙwalwa ya sandarar wa gaɓɓai sai jikinsa ya riƙa neman daidaito da kansa. Ba warkarwa ba ce. Abin da ake samu shi ne ƙarfin gadon baya, da zama daram, da wani abu da nake ganin ya fi su: yaron da kullum ake duban sa a ƙasa, yau shi ke sama.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mutanen Gana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata naƙasa, ga kuma Doka ta 715 ta 2006 da ta amince da haƙƙinsu. Buƙata dai akwai ta.

Cikas na farko ga yin haka a Akra shi ne dokin kansa. Ingarman Sallah an hore shi ne ya yi zamiya, ya ɗaga ƙafafun gaba, ya amsa linzami mai kaifi a tsakiyar ganguna. Yaron nan kuwa dattijon doki yake so, dandaƙaƙƙe, wanda ko tasa ta faɗi ba zai zabura ba. Sake horon na cin watanni, dusa da harawa kuma ba sa jira. Shi ya sa doki mai sanyi ke ƙarewa a bakin tekun Labadi, inda 'yan yawon shaƙatawa ke biyan kuɗi nan take.

Fili ma ya ƙuntata: tsohon filin sukuwa na Akra yanzu otal ɗin Kempinski ne a kansa.

Mutane ne ba a rasa ba. Mahayi ɗaya yakan buƙaci uku, mai jan ragama da biyu a gefe, kuma Zango ba baƙon aikin gayya ba ne. Sai dai niyya ba ta maye gurbin ilimi. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, ko mai rauni a ƙashin wuya, hawa na iya cutar da shi. Dole likitan gashin ƙashi, irin na asibitin Korle Bu, ya fara duba yaro, sannan ya tsaya kusa da ɗan barga ranar da za a ɗora shi.