Ku Ƙyale Bushiya Ta Yi Aikinta

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, na tarar da yara a wani lungu na unguwar Tahaggart sun kewaye bushiya suna jifa. Ta dunƙule kamar ƙwallo, duwatsu na sauka a kan ƙayarta. Wani dattijo na zaune kan tabarma yana zuga su. Na ce, "Baba, me ta yi?" Ya ce, "Ɗana, abin da ba ya fita sai dare ai ba alheri yake nema ba." Na gaji da jin wannan magana, daga nan Tamanrasat har Agadas da Maraɗi.

Ba ma kiran dabba maɓarnaciya sai ta taɓa abin hannunmu. Fara ta cinye gonaki a Nijar a 2004, yunwa ta biyo baya a 2005, amma a kasuwa fara muke saye soyayya mu barbaɗa yaji. Makiyayin da dila ya ɗauke wa ɗan akuya a duwatsun Ahaggar yana da hujjarsa. To, ita bushiya wa ta cuta?

Fitar dare dai ba maita ba ce. A hamada duk mai hankali yana guje wa rana, mu ma da zafi ai sai la'asar muke leƙo waje. Kuma abincinta da dare yake yawo: ƙwari, kyankyasai, da uwa-uba kunama. Bushiyar hamada tana cin kunama, jikinta yana jure dafin da zai kwantar da ƙato. Ga shi kuwa a nan Aljeriya ana samun harbin kunama wajen 40,000 zuwa 50,000 a shekara, galibi lokacin zafi, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Wato mai gadin da ba ta karɓar ko dinari ɗaya, ita muke sa 'ya'yanmu su kashe, alhali su take tsarewa. Haba jama'a!

Na sani, wata za ta ce bushiya ta sha mata ƙwai. Ba na musu, tana sha idan ta samu a ƙasa. Sai a gyara akurki. Mujiya ma haka muke tsangwamarta, ga ta tana rage mana ɓeraye. Ƙasar Sin ta gwada irin wannan a 1958, ta sa jama'a kashe gwarare wai suna cin hatsi. Da suka ƙare sai ƙwari suka mamaye gonaki, abin ya ƙara wa yunwar wancan lokaci muni.

Mai son raba gidansa da kunama ya fara da tsakar gida. A kwashe tarin duwatsu da bulo da tsoffin tayoyi, nan kunama take ɓuya. A daina zubar da shara bakin ƙofa, don shara na tara kyankyasai, kunama kuma ta biyo su. A toshe tsagar bango da ƙasan ƙofa. A janye gado daga jikin bango, masu kwana a waje kuma su kakkaɓe tabarma da bargo kafin su shimfiɗe yara. Takalmi a zazzage shi da safe kafin a zura ƙafa. Kada yaro ya je bayi da dare ba takalmi ba tocila. Kaji ma suna tsince kunama, mai fili ya ajiye biyu ko uku.

In an yi harbi, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau. A nufi asibiti nan take, musamman in yaro ne. Akwai allurar kashe dafi da cibiyar Pasteur ta Aljeriya take haɗawa. In kuwa bushiya ta shigo ɗaki, a tura ta cikin bokiti da tsintsiya, a kai ta gindin bishiya a sake ta.