Bitar Wurin Aiki: Abin da Ya Fi Alawus Muhimmanci

Da zarar an liƙa sanarwar taron bita a ofis, tambayar da ma'aikata ke fara yi ita ce, "Akwai alawus?" Idan babu, rabin kujerun ɗakin taro haka za su wuni babu kowa. Alhali zaman da ake yi wa ma'aikaci bayanin haƙƙoƙinsa ya fi kuɗin mota na wuni ɗaya daraja nesa ba kusa ba.

A ɗauki fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 a Najeriya, mai ɗaukar aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi a asusun ma'aikaci, shi kuma a cire masa kashi 8. Mutum nawa ne ke ɗaukar takardar albashinsa ya gwada ta da saƙon da kamfanin fanshonsa ke turo masa, don ya tabbatar abin da aka yanke ya shiga? Wani sai ya kusa ritaya yake gano an yi shekaru ana cirewa ba a turawa. Dokar ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Idan ta Allah ta kasance, magada ne ke da wannan kuɗi. Amma matar da mijinta bai taɓa faɗa mata ba, ko wanda fom ɗinsa har yanzu sunan mahaifinsa da ya rasu tuntuni ke rubuce a gurbin magaji, ta ina za a fara?

Haka batun rauni a bakin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan diyya, kuma mai ɗaukar aiki ne ke zuba kuɗin asusun, ba ma'aikaci ba. Sau da yawa wanda inji ya ci wa yatsu sai ya karɓi ɗan kuɗin magani ya yi godiya, don bai san yana bin wani abu ba.

Sai dai bitar ba ta cika sai ta game kowa. Galibi manya ake gayyata, a yi ta da Turanci, direba da masinja da mai shara suna waje, alhali su suka fi buƙatarta. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. To ina amfanin a ɗauki kurma aiki, a kira shi taro babu mai fassara da hannu? Ko a kai zaman hawa na uku, mai keken guragu yana ƙasa? A zaɓi lokacin da bai ci karo da sallar Juma'a ko ibadar Lahadi ba, wanda kuma mai shayarwa za ta iya halarta.

Shugabanni su shirya irin wannan zama a kai a kai, da harshen da kowa ke ji. Kai kuma ma'aikaci, ka je da takardar albashinka da tambayoyinka, domin matambayi ba ya ɓata. Kafin ka tashi, ka nemi a nuna maka sunan wanda ka rubuta a matsayin magaji.