Kumfa Ba Ita Ce Tsafta Ba

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Kabara da hantsi zai ga kwatoci sun yi fari fat da ruwan wanki. Uwargida ta zazzage rabin ledar omo a bokiti guda, ta ƙara bilic, mai wanki da guga kuma ya rantse cewa muddin kumfa ba ta tashi ba, kaya ba su fita ba. Wannan magana ta daɗe tana yawo har ta zama tamkar karatu, alhali kuskure ce mai cin aljihu da tufafi da lafiyar gari.

Abin da ke fitar da dauɗa wani sinadari ne mai baki biyu: ɗaya na kama maiƙo, ɗayan na bin ruwa, sai ya ciro dattin daga zare ya tafi da shi wajen ɗauraya. Kumfa kuwa iska ce da ta maƙale a ruwan sabulu, ba ta ciro komai daga wuyan riga. Babbar hujja ta zo daga inda ba a zata ba. A 1961 wasu masana a Kanada suka gano wani yis, ɗan uwan wanda ke kumbura burodi, da idan aka ciyar da shi sukari da mai sai ya fitar da irin wannan sinadari. Kamfanin Saraya na Japan da Ecover na Beljiyam sun sa shi cikin kayan wankinsu, kuma abin da ya ja hankalin masana'antu har da ƙarancin kumfarsa. Yana wanki, ba ya cika bokiti da fari, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa da ruwa na narkar da shi cikin sauƙi. Sinadarin yawancin omon kasuwa kuwa daga man fetur ake samo shi.

Mai musu zai ce wannan sabulun masu kuɗi ne. Gaskiya ne ya fi tsada, don sukari da man da ake ba yis ɗin ba araha ba ne. Shi ya sa masu bincike suka koma ciyar da shi ragowar abinci da man suyar da ya ƙone. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya asararsa ake yi, kuma wanda ya san tulin da ake kwashewa a kasuwannin Yankaba da 'Yan Lemo ba ya bukatar a ba shi labari. Wani kuma zai ce yaya abin da ya fito daga ruɓa zai tsaftace rigar salla? To, daddawar miyarmu ƙwayoyin halitta ne suka nunar da ita, karofin Ƙofar Mata ma ba ya kama shuni sai baba da toka sun kwana suna tsima. Amma kada wani ya ji haka ya jiƙa ruɓaɓɓen abinci a gida wai yana haɗa sabulu. Aikin na masana'anta ne, da zaɓaɓɓen yis da tacewa; hunhunar da ke kama gyaɗa da masara guba take fitarwa mai lalata hanta.

Kafin irin wannan sabulu ya wadata a kasuwanninmu, gyaran yana hannunmu. A auna omo yadda aka rubuta a jikin leda, a daina zubawa da ka. A jiƙa kaya su ɗan jima kafin a cuɗa, don jiƙon ya fi ƙarin omo aiki. A goga sabulu a wuya da hammata, a bar sauran rigar. Shadda da atamfa da duk kayan rini a nisanta su da bilic, a shanya su a inuwa. Fararen riguna da rawunan da ake fita Maukibi da su a ɗauraye su sosai, don ragowar omo ce ke sa yadi ya yi tauri, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Kada a taɓa gauraya bilic da wani maganin wanke bayi, hayaƙinsu na illata huhu.

Masananmu na Jami'ar Bayero su dubi sharar kasuwanninmu da idon arziki. Mu kuma mu tuna cewa ruwan kwatocin birni rafin Jakara yake nufa, da shi kuma ake ban ruwan wasu lambunan da ke kawo mana latas da alayyafo.