Ciwon Kan da Ke Tasowa Daga Wuya: Yadda Ake Magance Shi da Hannu

Akwai ciwon kan da tushensa ke cikin gaɓoɓi uku na saman ƙashin wuya. Jijiyoyin wurin suna haɗuwa da jijiyar fuska a saman laka, shi ya sa zogin kan taso daga ƙeya ya gangaro goshi ko bayan ido, galibi a gefe ɗaya. Juya wuya ko daɗewa a sunkuye kan tsananta shi. Likitan jijiyoyi ɗan Norway, Ottar Sjaastad, ya raɗa masa suna a 1983.

Likitan gashin ƙashi yakan kwantar da mai ciwon a rigingine, ya tallabi ƙeyarsa, ya riƙa motsa gaɓar da ta sandare sannu a hankali, sannan ya tausa naman da ya ɗaure. Wani bincike a Ostireliya a 2002, kan mutum 200, ya nuna wannan aiki da motsa jikin wuya sun rage ciwon har tsawon shekara.

Amma fizgar wuya da ƙarfi na iya yaga jijiyar jini, ko da yake ba kasafai ba. Idan ciwon ya zo kwatsam, ko tare da zazzaɓi, jiri ko karkacewar baki, asibiti za a nufa nan take.